Daga Kano zuwa Kumasi: Yaya Hanyar Jaki Ta Gagari Mota?

Auwalu, Kano:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, tare da wata tambaya da ta tsaya mini a rai. Bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu, mahaifina ya ɗora mini tafiya Kumasi domin in gaishe da danginmu da ke zango, waɗanda rabonmu da su tun rasuwar ƙanen kakana. Na je tasha na yi tambaya, kuma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in sauka Legas, in bi ta Kwatano da Lome in shiga Ankara, babban birnin Gana, sannan in hau wata motar in sake yin arewa zuwa Kumasi. Da na duba taswira sai na ga zagaye ne mai nisan gaske. Kakan mahaifina da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sarin goro, kuma a duk labarinsa da ake ba mu a gida ba a taɓa cewa ya ga teku ba. To yaya aka yi hanyar da jaki ya bi kai tsaye ta gagari mota?

Malam Sani, Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana Auwalu. Hanyar da kakanku ya bi sananniya ce. Ayari yakan tashi daga Kano da kanwa da baƙin rini da kayan fata, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, ya yi yamma ta Jega, ya ƙetare kogin Kwara ta wajen Illo ko ƙasar Yawuri, ya ratsa Bargu ta Nikki, ya sauka Jugu, daga nan ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Wannan hanya ta ratsa ƙasa ne a kwance, daga gabas zuwa yamma. Turawa kuwa da suka zo, daga teku suka fito, kowace ƙasa ta kama yankinta a bakin ruwa ta riƙa miƙe shi zuwa arewa, shi ya sa in ka dubi Benin da Togo za ka gan su dogaye sirara kamar tsintsiya. Hanyar fatake guda ɗaya sai ta wayi gari an datse ta gida uku. A 1894 Lugga da wani hafsan Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya da sarkinta, kuma a 1898 aka raba Bargu, Busa da Kayama suka faɗo hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Gaba kaɗan ga Jamusawa a Togo, waɗanda a rabon 1899 suka samu Yandi, aka raba ƙasar Dagomba biyu.

Salaga kanta ta riga ta fara mutuwa kafin wannan. Bayan Ingilishi sun ci Tonawa, wato Ashantawan Kumasi, da yaƙi a 1874, ikon Kumasi a kan kasuwar ya yi rauni, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanenta, fatake suka bazu zuwa Karaci da Yeji da Kintampo, daga baya har cikin Kumasi. Ina kyautata zaton ta haka danginku suka samu kansu a zangon da za ka je. Amma abin da ya ƙarasa binne hanyar shi ne dogo. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da Legas a 1912, sai ya zama goro yana sauka bakin teku, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Kano, ya iso cikin kwanaki alhali ayari watanni yake yi. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane haka tun yana fatauci a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Saboda haka zagayen da aka kwatanta maka a tasha, hanyar goro ce ta zamanin Turawa, kai ne kawai za ka bi ta a juye.

Malam Isufu, Maraɗi:
Allah ya ƙara wa Malam Sani sani. Ni zan ɗan karkato da maganar zuwa wajenmu, domin abin da aka yi wa Bargu shi aka yi wa ƙasar Hausa, kuma yadda aka yi shi ya fi ban haushi. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali babu ɗayansu da ke mulkin ko da ƙauye ɗaya a tsakanin. A 1898 suka gyara, suka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100. A wannan zanen, Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingila suke. Sai Faransawa suka tarar cewa hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da babu rijiyoyi, ayarin sojansu ba ya iya ratsa ta da rani. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka turo iyakar kudu, aka tabbatar da ita a 1906. A cikin abin da Faransa ta bayar a wannan ciniki har da haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar wani tsibiri da ke gabashin Kanada. Wato ni da nake rubuta muku wannan, na tashi da katin shaida na kat dantite da jandarma da dala da jikka, ɗan'uwana na Jibiya ya tashi da naira da kwastan, saboda rijiya da kifin da ko kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake kiransa.

Alhaji Garba Direba, Sakkwato:
Malamai, na ji tarihi kuma na ƙaru, amma da izininku yaron nan tafiya zai yi, kuma ni shekara 26 na yi ina jan babbar mota tsakanin ƙasashen nan. Da farko dai, Auwalu, hanyar kakanka ba ta mutu ƙurmus ba. Ana iya bi ta Kayama a fita ta Cikanda a shiga Nikki, a wuce Faraku da Jugu, a shiga Togo ta Kara, a fita ta Tatale a faɗa Yandi da Tamale, sannan a gangara Kumasi. Na bi ta ba sau ɗaya ba. Sai dai babu mota guda da za ta ɗauke ka daga farko zuwa ƙarshe, tsalle-tsalle za ka yi ta yi daga ƙaramar mota zuwa babur, wani wurin ka kwana a tasha kana jiran mota ta cika, kuma da damina akwai inda laka ke riƙe mota yini guda. Ga wanda bai taɓa fita ba kuma ba ya jin Faransanci, ban ba da wannan shawarar ba.

Na biyu kuma, ina roƙon a bar wa Bature laifinsa mu ɗauki namu. Bature ya ja layi, na yarda. Amma ba Bature ba ne yake ɗaura igiya a kan kwalta ya sa ganga biyu ya zauna a ƙarƙashin bishiya. A wata tafiya, a wata ƙasa da ba zan ambata ba, na ƙirga shinge 14 a tafiyar da ba ta kai ta Sakkwato zuwa Gusau ba, takarduna cikakku, amma ko'ina sai na sauko na gaisa. A wani shingen an ajiye ni tun hantsi har la'asar da lodin albasa a cikin rana saboda na ce a ba ni rasit. Wanda ya yi mini haka baƙi ne kamar ni, kuma da na ji shi yana waya, Hausa yake yi.

Malam Sani, Zariya:
Alhaji, ban musa ba, kuma wanda ya bi hanya ya fi wanda ya karanta ta. Amma ina so ka lura cewa shingen ma gadonsa aka yi. Gwamnatocin mulkin mallaka da kuɗin fito suke rayuwa, kuma Lugga da kansa ya ɗora wa ayari haraji a Arewa har sai da aka soke shi a 1907. Ƙasar da aka gina a kan karɓar kuɗi a bakin ƙofa, in mai ita ya tafi, wanda ya gaje shi ƙofar zai fara riƙewa. Dubi dogo kuma. Na Nijeriya ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, duk a kusa da iyaka, babu wanda ya ƙetara, domin gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwaso. Na Dahome, wato Benin ta yau, ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku. Wanda ya taso daga Abijan, da sunan Neja a jikinsa, ya isa Wagadugu a 1954 ya tsaya. Ko da an so haɗa su ma, faɗin dogon Faransa mita ɗaya ne, na Ingila ya ɗara shi kaɗan, taragon wannan ba ya hawa kan na wancan. Hatta hannun tuƙi sai da ya bambanta, Nijeriya ba ta koma dama ba sai 1972, Gana kuwa sai 1974.

Alhaji Garba Direba, Sakkwato:
To ai ka kawo mini hujja da bakinka, Malam. Hannun tuƙi da muka ga dama mun sauya shi a rana ɗaya. Me ya hana sauran?

Hajiya Rabi, Kumasi:
Sallama gare ku baki ɗaya. Auwalu ɗana, muna maraba da kai, Allah ya kawo ka lafiya. Ni a zango aka haife ni, kuma ina goyon bayan Alhaji Garba a kan abu ɗaya da na gani da idona ina yarinya. A zamanin Turawa iyayenmu suna zuwa Kano da Sakkwato su dawo, babu wanda ya tambaye su ko su 'yan ina ne, domin daga nan har can kuɗi ɗaya ake kashewa, fam da sule. A watan Nuwamban 1969 ne gwamnatin Firayim Minista Busiya ta Gana ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanen da aka haifi iyayensu a nan suka wayi gari baƙi. Na tuna maƙwabtanmu suna sayar da gado da tukwane a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ana loda mutane a manyan motoci, yayar mahaifiyata ta tafi da 'ya'yanta biyar zuwa garin da ba ta taɓa gani ba, kuma ba mu sake haɗuwa da ita ba har ta rasu. Bayan shekara 14, a 1983, gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, 'yan Gana suka cika bakin iyaka da jakunkunan nan masu zane da har yau sunan abin yake bin su. Wannan na biyun kuwa ya faru ne bayan an kafa ECOWAS a 1975, bayan an sa hannu a 1979 cewa ɗan yankin yana iya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Layin Bature ne, amma mu muka mayar da shi katanga.

Bashir, Kaduna:
Ina neman afuwar manya, ni ƙarami ne a nan, amma akwai abin da nake ganin ana tsallakewa. Ana maganar zamanin fatake kamar mutum yana ɗaukar sandarsa ne ya miƙe daga Kano har Gwanja babu mai ce masa uffan. Me ya sa ake tafiya a ayari na ɗaruruwan mutane da makamai in hanyar lafiya lau take? Bargu ta yi suna wajen tare fatake, kowane sarki a hanya sai an ba shi gaisuwa, kowane kogi sai an biya fito, kuma babban aikin madugu shi ne cinikin nawa za a biya a kowane zango. Sannan Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kayan ayarin ba da son ransu suke tafe ba. In muna ƙirga abin da Turawa suka ɓata, mu riƙa faɗin wannan ma.

Malam Sani, Zariya:
Ka yi gaskiya, Bashir, kuma ba ƙanƙanta a wajen faɗin gaskiya. Ban ce hanyar da aminci take ba, cewa na yi ta nufi inda mutane suke so su je. Bambancin da nake nunawa shi ne, sarkin Nikki yana karɓar gaisuwa ne domin ayari ya wuce ya dawo baɗi, in ya tsananta madugu ya sauya hanya ya bar shi da asara. Jami'in iyakar Faransa kuwa aikinsa shi ne ya hana kaya zuwa ƙasar Ingilishi, ya juya su zuwa Kwatano, ko da hakan ya kashe kasuwar.

Malam Isufu, Maraɗi:
Kuma kada Hajiya ta ɗauka sauƙin da aka samu a ƙasashen Ingilishi ya kai ko'ina. A wajenmu shigowar ma da jini aka yi ta. Ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, bayan ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Daga baya aka zo da aikin dole, ana kwasar maza daga ƙauyuka su fasa dutse su share hanya su ɗauki kaya a ka, ba a soke shi ba sai 1946. Hanyoyin motar farko a ƙasarmu da wannan gumin aka yi su. Mutane da yawa sun tsallaka kudu cikin dare da iyalinsu domin gudun haraji da aikin dole, shi ya sa a ƙauyukan Katsina da Daura da Sakkwato na bakin iyaka da wuya ka sami gidan da ba shi da tushe a arewa. Wato iyakar da ta raba mu ta taɓa zama mafaka.

Amma a kan zamanin yanzu, dole in ba Alhaji Garba gaskiya. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986 ya faɗo daidai da fari, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe, aka yanke wuta, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na ruɓewa. An ɗage takunkumin a farkon 2024, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a toshe daga ɓangarenmu, matafiya suna sauka daga bas su shiga kwalekwale su ƙetare Kwara da kayansu a ka, su hau wata bas a ɗaya gaɓar. Gada tana tsaye ana kallonta ana biyan fito, kamar zamanin kakan Auwalu. Ga dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso wajen 2014 zuwa 2016 yana kwance ba ya aiki. Yanzu idonmu yana kan na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda in ya kammala zai zama karo na farko da dogo ya ƙetare wannan layin.

Auwalu, Kano:
Na gode ƙwarai, iyayena. Baba Alhaji, wani abokina ya ce in bi ta Yamai da Wagadugu in shiga Gana ta Paga. Yaya kake ganin wannan?

Alhaji Garba Direba, Sakkwato:
Kada ka soma. A da ita ce hanyar da 'yan albasa da masu shanu suka fi so, kwalta ce tun daga Ƙonni, amma yankin da ke tsakanin Yamai da Fadan Gurma ya lalace da 'yan bindiga, manyan motoci ma sai da rakiyar soja. Ga shi kuma Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, ko da yake an ce zirga-zirgar mutane za ta ci gaba, amma abin da aka faɗa a taro daban, abin da mai kaki zai gaya maka a bakin igiya daban. Ka bi ta Legas ɗin. Daga can zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka ƙetare, Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo, kuma tsayuwar da ake yi a nan ita ke cinye yinin. Togo a bakin teku ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, kafin ka gyara zama an ce a sauko.

Ka nemi fasfo na gaskiya, kuma ka yi allurar shawara ka karɓi katinta mai ruwan ɗorawa tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rashin wannan katin shi ne ƙofar da aka fi shiga wa matafiyi ta ita. Sabon fasfo da ba a taɓa buga masa hatimi ba yakan jawo a nemi ƙarin kuɗi, babu dokar da ta ce haka, amma ka sani kada abin ya zo maka ba zato. Ka hau babbar bas mai tafiya kai tsaye, wadda yaran motar ke karɓar fasfo su kai a buga, ta fi tsada amma ta fi kwanciyar hankali. Kada ka canza kuɗinka duka wuri ɗaya, ka riƙe 'yar sefa ta ruwa da abinci, sauran ka bari sai Aflawo ka mayar sidi, kuma ka ƙirga a gaban mai canji kafin ka miƙa naka.

Hajiya Rabi, Kumasi:
In ƙara a kan na Alhaji, da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, domin mu da su muna bayan Nijeriya da Benin, kada ka kira mutane ka ce ka iso alhali ba su tashi daga aiki ba. Daga Ankara zuwa nan wajen kilomita 250 ne, motoci ba sa yankewa dare da rana. Batun harshe kuwa kada ya dame ka, daga Kwatano har Lome har Nima a Ankara, in ka ga mai tsire ko mai shayi ko mai canji ka yi masa sallama da Hausa, zai nuna maka masallaci da masauki. Sai dai ka shirya jin Hausarmu ta zango, wadda ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace ba, kada ka yi dariya a gaban tsofaffi. Ka zo wa dattawan gidan da kilishi da turare da hula ɗinkin Kano, goro kam kada ka ɗauko, nan ne gidansa.

Auwalu, Kano:
In sha Allahu haka zan yi, Hajiya. Gobe zan je a yi mini allurar. Baba Alhaji, in na saba da hanya, ina so wata shekarar in dawo ta Yandi da Jugu da Nikki, ko don in gaya wa mahaifina na ga inda kakansa ya bi.

Alhaji Garba Direba, Sakkwato:
Ka bari sai da rani, kuma ka neme ni kafin ka tashi in tambayi direbobin da suka bi ta a makon, domin arewacin Benin ma yanzu ba kowane lokaci ake shigarsa ba.